Yadda Ake Haɗa Hoto Mai Kama da Mafarki, Daga Ɗaki Zuwa Wankin Shuɗi a Rana

Tun da na fitar da hotunan nan bakwai na ɗakin Goggo, tambaya ɗaya ake ta jefo mini daga Makka, daga Madina, har daga gida Najeriya: wace filta ka sa? Da na ce babu, wasu suka ɗauka rowa nake yi. Hazon da kuka gani hayaƙin turaren wuta ne. Fuskar da ta narke, daƙiƙa biyu ce ta agogo ta narkar da ita. Shuɗin kuwa ranar Jidda ce ta dafa shi a kan sutuhinmu, wato saman rufin gidanmu. Ga yadda ake yi daki-daki, da kuɗin da na kashe da wuraren da na yi tuntuɓe. Da "ka" zan yi magana, 'yan'uwa mata a yi mini afuwa, na san ku ne ma kuka fi tambaya.

1. Nemo abu ɗaya da za a iya riƙewa a hannu

Kafin ka taɓa kyamara, ɗauki biro ka rubuta jimla ɗaya game da abin da ke cin ka. Kada ka rubuta "kewa" ko "soyayya" ko "baƙin ciki". Waɗannan ba su da jikin da za su tsaya gaban kyamara, shi ya sa duk wanda ya fara daga nan yake ƙarewa da hoton faɗuwar rana a Kornish, bakin tekun Jidda, kamar na kowa. Rubuta abu mai nauyi da gefe da tsatsa.

Nawa makulli ne. Lokacin da rusau ya bi unguwannin kudanci da tsakiyar Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara, gidan da Goggo ta yi shekaru a ciki ya tafi. Ta kwashe kayanta ta koma wani gida, amma makullin ƙofar yana nan ƙulle a bakin mayafinta, a inda take ƙulle canji. Jimlata ita ce: Goggo tana da makullin ƙofar da babu ita. Duka hotuna bakwai daga nan suka fito.

Naka yana iya zama kaset ɗin saƙon murya irin wanda ake ba alhazai su kai gida a da, ko tsohon fasfo da aka huda, ko kwalbar humra da ta ƙare amma ba a yar ba, ko hannun mai aikin gida da ruwan wanki ya farfasa. Masu biyo ni ta bayan fage suna tambayar yadda ake hoton bege da sha'awa, amsarku tana nan. Bahaushe gwanin zance a kaikaice ne. Lallen da ya fara kodewa a tafin hannu, gefen katifar da ba a kwanta ba, kofin shayi biyu ɗaya ya huce ba a sha ba, duk sun fi tsiraici faɗin abin, kuma ba za su kai ka gaban hukuma ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tara kaya. Makulli da carbi da kyandir da fure da madubi a hoto ɗaya, sai ya koma teburin mai koli. Abu ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu.

2. Izini, sau biyu

Da na je wa Goggo da maganar, cewa ta yi, "Ɗan nan, ni fa ban yarda fuskata ta shiga jawwal ɗin mutane ba," wato wayoyinsu. Na ce, "Goggo, hannunki kawai nake so da makullin." Ta yi shiru, can ta ce, "To in hannu ne, ka bari in sa lalle tukuna." Kwana uku na jira.

Ka nemi izini kafin ɗauka, ka sake nema bayan ka nuna wa mutum hoton da ya fito. Yardar farko ba ta ɗauke ta biyu.

Gargaɗi: dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Kada ka saita baƙo a titi, musamman mace. Ka nisanci gine-ginen gwamnati da wuraren tsaro, kuma kada ka kinkimi mariƙin kyamara ka nufi Harami da shi. Sannan akwai abin da mu muka sani a tsakaninmu: ba kowa ne takardunsa suka cika ba. Lambar iƙama, wato katin izinin zama, lambar fasfo, lambar gida, ka rufe su tun a wurin ɗauka, kada ka ce sai wajen gyara.

3. Kayan aiki da abin da za su ci

Jawwal ɗinka ya isa, muddin yana da wurin da za ka saita lokaci da hannunka. A wayoyin Samsung ana samunsa a ƙarƙashin Pro. Mai iPhone ya ɗauka da Live, sannan ya zaɓi Long Exposure. In kana da kyamara mai canjin gilashi, madalla, amma kada ka ci bashi dominta.

Abin da ba makawa shi ne mariƙi mai ƙafa uku. Nawa na hannu ne, riyal 40 na saye shi a kasuwar Haraj Sawarikh, ƙafa ɗaya tana zamewa na ɗaure ta da salatif. Sauran kayan ɗaki ne: baƙin zane, mayafi shara-shara, kasko da gawayi da turaren wuta, basilin, da tocila.

Na wankin shuɗi kuma, wato buga hoto a takarda da magani da hasken rana: maganin kwalba biyu, takardar zanen ruwa mai nauyin giram 300, farar leda mai tauri ta firinta irin wadda ake haska rubutu da ita a bango, gilashin firem, katako ko kwali mai ƙwari, maƙalai huɗu, burushin soso, safar hannu, da faffaɗar roba ta wanki. Takarda da leda ana samu a manyan shagunan littattafai irin su Jarir. Maganin ta intanet na yi oda, na kamfanin Jacquard, ya zo mini kusan riyal 100 da kuɗin aike, kuma yana buga hoto sama da hamsin. Gaba ɗaya ban kai riyal 300 ba. Wanda zai tsaya a mataki na 7, bai son wanki, mariƙi kaɗai zai saya.

4. Gyara ɗaki

Kashe fitilar sama. Kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don iskarsa tana kaɗa labule tana watsa hayaƙi. Eh, za ka yi gumi. Bar taga ɗaya, ka ja labule har sai hasken ya zama kamar tsagin ƙofa, ya zo daga gefe, kada ya zo daga bayanka. Rataya baƙin zanen a bango, ka matsar da mutum kamu biyu ko uku daga jikinsa don kada tamojin zanen ya fito. Bayan la'asar sakaliya ne lokacin da na fi so.

5. Jan lokaci

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe.

Kyamara tana da ƙyaure da yake buɗewa ya rufe. A hoton yau da kullum ƙiftawa ɗaya yake yi, kamar kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. In ka bar shi a buɗe daƙiƙa ɗaya ko biyu, duk abin da ya tsaya cak zai fito tangaran, duk abin da ya motsa zai bar sawu kamar hayaƙi. Wannan sawun shi ne abin da mutane ke kira mafarki.

Kafa kyamara a mariƙi. Sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ko mafi ƙasan abin da na'urarka ta yarda. A kyamara, sa kafar haske a f/8, lokaci daƙiƙa 1. Ɗauki gwaji. In ya yi fari fat, matse kafar zuwa f/11 ko ka ƙara jan labule. In ya yi duhu, ƙara lokaci zuwa daƙiƙa 2, kada ka ɗaga ISO. Mai waya ba shi da ikon matse kafa a yawancin wayoyi, don haka ɗakin ne zai ƙara wa duhu, ko ya jira gab da magariba.

Kada ka danna maɓalli da yatsa kai tsaye. Sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2, ka danna ka janye hannu. Ɗan girgizar yatsa kaɗai ta isa ta ɓata komai.

Yanzu ga abin da ya raba hoton mafarki da hoton da ya lalace. Dole a samu turke. Abu ɗaya a cikin hoton ya tsaya daram, ya fito da kaifinsa, ido ya samu inda zai ɗaure kansa kafin ya bi abin da ya narke. In komai ya yi dishi-dishi, mai kallo cewa zai yi hannunka ne ya yi rawa, kuma gaskiyarsa. A wajena turken shi ne makullin. Na sa Goggo ta dafa hannunta a kan akwatin ƙarfe, makullin yana tsakanin yatsunta, na saita kaifin gilashi a kan haƙoran makullin da hannu, na kashe saitin da ke yin kansa. Na ce, "Goggo, hannun nan kada ya motsa. In na ce bismilla, ki juya kanki a hankali ki dubi ƙofa." A hoton, ana iya ƙirga zanen lallen da ke yatsunta, amma kanta ya zama farin gajimare. Ka ga buƙatarta ta biya, fuskarta ba ta shiga jawwal ɗin kowa ba, ni ma tawa ta biya.

In kana son fuska ta ɗan bayyana kamar ta aljani, raba lokacin biyu. Mutum ya tsaya cak a daƙiƙar farko, ya motsa a ta biyu. Ka riƙa ƙirga masa da baki.

Gargaɗi game da tufafi: abu mai haske da ya motsa gaban baƙin bango shi ne yake barin sawu. Baƙar abaya gaban baƙin zane ɓacewa take yi ɗungurungum. Baƙin kaya gaban farin bango kuma haske ne yake cinye su. Na ɓata yamma guda kafin na gane haka, sai da aka canza mata mayafi zuwa ruwan madara.

Kuma ka shirya yin asara. A cikin ashirin, in biyu suka yi, ka gode Allah. Motsi da sauri yana shafe mutum gaba ɗaya, motsi a hankali ƙwarai kuma yana ba shi hanci biyu. Tsakiyar sai an yi ta maimaitawa. In da dattijo kake aiki, ka dafa shayi, ka huta duk bayan ɗauka biyar.

6. Hazo

Hanya uku nake bi, kuma ba na haɗa fiye da ɗaya a hoto guda.

Turaren wuta: hayaƙi ba ya fitowa sai haske ya zo daga bayansa ko gefensa, bango kuma baƙi. Ajiye kaskon a ƙasa, wajen da kyamara ba ta gani, ka haska tocila ta gefe. Gargaɗi: mayafi shara-shara yawanci roba ne, yana narkewa ya manne a fata, ka nisanta shi da garwashi. Kada ka sa kyamara a saitin hayaƙin, maiƙon turare yana kwanciya a gilashi. In akwai mai asma a gidan, ka haƙura da wannan hanyar.

Basilin: ɗan abin da yatsa ya dangwalo, a shafa a gefe-gefe, a bar tsakiya fes. Kada ka kuskura ka shafa a jikin gilashin kyamara. Shafa a kan gilashin kariya mai arha, ko ɗan ɓallin gilashi da za ka riƙe a gaba. Mayafi da aka ja a bakin gilashi yana yin kusan irin aikin, ya fi ma laushi.

Ta ukun kyauta ce daga garin nan. Ka bar kyamara ta sha sanyin mukayyif, sannan ka fita da ita cikin laimar Jidda ta watan Agusta. Nan take gilashin zai yi gumi, duniya ta koma fari. Kada ka goge. Ka riƙa ɗauka yayin da gumin ke janyewa daga tsakiya zuwa gefe, mintuna kaɗan ne, kuma babu manhajar da ke kwaikwayon wannan da kyau. Da haka na ɗauki wani roshan, tagar katako ta tsofaffin gidaje, a Balad, tsohon garin Jidda, da safe, katakon tagar ya fito kamar ana tuna shi ne. Gargaɗi: kada ka cire gilashi daga jikin kyamara a wannan hali, kuma ka bar ta ta bushe sarai kafin ka mayar jaka, in ba haka ba fumfuna za ta tsiro a ciki.

7. Goyon hoto

Wato ka goya hoto ɗaya a bayan wani. Ƙa'idar guda ce: hoto na biyu yana zama ne a inda na farko ya yi baƙi, inda ya yi fari kuwa fari zai ci gaba da zama. Saboda haka na farko ya zama inuwar mutum gaban sararin sama ko farar taga. Na biyu ya zama abu mai zane, kamar bangon dutsen murjani na Balad, ko ruwan Bahar Maliya, ko rubutun tsohuwar wasiƙa.

Kyamarori da yawa na Nikon da Canon da Fujifilm suna yin wannan a cikinsu. A waya, buɗe hoton farko a Snapseed, kyauta ce, ka shiga Double Exposure, ka ɗauko na biyu, ka zaɓi Lighten, ka rage ƙarfinsa har sai ɗaya ya zama uwa ɗaya ya zama goyo. In suka yi ƙarfi ɗaya, kokawa za su yi.

In tsohon hoton gida za ka goya, ɗauke shi a inuwa kusa da taga, ban da filasha. Kada ka ɓamɓaro shi daga albam mai gam, yagewa zai yi. In daga Kano ko Zinder za a turo maka ta WhatsApp, ka ce a turo shi a matsayin takarda, don turawar da aka saba tana matse hoto ta zubar da rabin kyansa.

Ni dai ra'ayina, goyo ya fi kowace dabara saurin zama ado na banza. Cikin bakwai ɗina ɗaya ne kawai.

8. Haɗa nagetif

Mayar da hoton baƙi da fari. Juya shi, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Sannan ka kifa shi hagu zuwa dama kamar a madubi, don gefen tawada ne zai kwanta a kan takarda. In ka manta wannan, rubutu zai fito a birkice. Ga girman A4, hoton ya kai ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Ka ɗan rage tsananin bambancin fari da baƙi, don wankin shuɗi yana ƙara shi da kansa.

Gargaɗi: leda iri biyu ce, ta firinta mai feshin tawada da ta firinta mai zafi. In aka sa ta farko a na biyu, narkewa za ta yi a cikin injin. Wani mai shagon buga takardu ya kusa cinye ni ɗanye a kan wannan, kuma laifina ne, ban karanta kwalin ba.

Wanda bai samu leda ba, ya buga a farar takarda, ya shafe bayanta da man girki, ya goge da tsumma har ta daina naso. Hoton zai fito da ɓarɓashi kamar an yayyafa masa yashi, kuma zai fi daɗewa a rana. Wani lokaci ma na fi son wannan.

9. Dama magani da shafawa

Gari biyu ne. Koren shi ne ferik amoniyam sitiret, ja mai kama da gishiri shi ne fotasiyam ferisayanayid. In na kwalba ka saya, cika kowacce da ruwa, ka girgiza, ka bar su kwana ɗaya. In a buɗe ka samu, giram 25 na koren a ruwa mililita 100, giram 10 na jan a wani ruwan mililita 100, kowanne da kwalbarsa mai duhu. Ka yi amfani da ruwan gora mai tsabta.

Kada ka haɗa su sai za ka shafa. Ƙaramin cokali ɗaya daga kowacce, a gauraya, ya ishi takardar A4 huɗu ko biyar. Yi aikin da dare ko a ɗakin da rana ba ta shiga, da ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa. Shafa a kwance, ka sake bi a tsaye, siriri. Tabkin magani ba ya ƙara shuɗi, wankewa yake yi ya bar tabo. Ni ina barin sawun burushi a gefe don ina son ganinsa. Shanya a cikin kwaba ko kwali, cikin duhu, har ta bushe ƙayau. Launinta a lokacin kore ne mai ɗorawa-ɗorawa.

Gargaɗi mai girma: jan garin nan kada ya haɗu da asid mai ƙarfi, irin ruwan batir ko wasu ruwan wanke bayi. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai kisa. Sa safar hannu, kada cokali da kofin su koma kicin, kwalaben kuma a kulle su inda yara ba sa kaiwa.

Sai matsalar garinmu: laima. Takardar da aka shafa a Jidda ba ta ajiyuwa. In ta kwana biyu za ka tarar ta fara shuɗi da kanta, farin hoton ya dushe. Shafa da dare, busar a ɗaki mai mukayyif, buga da safe. Mutanen Madina da Riyad, iskarku busasshiya ce, kun huta da rabin wannan wahala. In ka ga fumfuna tana yawo a kwalbar koren bayan makonni, tace ta da takardar tace gahawa, maganin bai mutu ba.

10. Rana da wanki

Jera su haka: katako, takarda fuskarta sama, nagetif gefen tawada ƙasa, gilashi, maƙalai a kusurwa huɗu. A matse sosai. Duk inda leda ta ɗaga, wurin zai yi dusu-dusu, kuma turken nan da ka sha wahala a kansa zai tafi. Gilashin firem na gama-gari ake so. Mai kariyar rana yana tare ainihin hasken da ke dafa maganin, haka ma bayan gilashin mota.

Kafin ka sadaukar da takarda sukutum, yanki siririya ka yi gwaji. Rufe ta da kwali, ka riƙa janye shi kaɗan-kaɗan duk minti biyu har sau shida. Wanke, ka duba wane yanki ya fi. A sutuhinmu, da hantsi, tsakanin minti 5 zuwa 8 nake samu da leda, mai man girki kuma ya ninka. Da tsakar rana abin yana gudu fiye da yadda za ka iya bi, gilashin kuma yana ƙona yatsa. Alamar ya nuna ita ce gefen da babu nagetif ya bar kore, ya bi ta shuɗi, ya koma toka-toka mai ƙyallin tagulla. A ido zai yi kamar ya ƙone. Haka ake so, don wanki yana rage shi. Sabon hannu kusan kullum da wuri yake ɗaukewa, sai ya ga hotonsa ya bi ruwa.

Shiga inuwa ka wanke. Ruwan farko ka ɗiga masa babban cokali ɗaya na farin khal, wato binigar girki, wannan mai rauni ne ba ya cikin asid ɗin da na hana. Yana taimakawa in ruwan famfonku mai kanwa-kanwa ne, yana kuma fito da launukan tsakiya. Riƙa kaɗa robar, kana canza ruwa, kamar minti biyar, har ɗorawar ta fita daga fararen wurare. In ka bar ta, hoton zai ci gaba da duhu a bango.

Shuɗin ba ya cika sai ya kwana. Mai gaggawa ya sayi haidurojin ɗin wanke ciwo mai kashi 3 cikin ɗari a saidaliyya, wato kantin magani, a nan moya oksijin ake ce masa, ya zuba murfi ɗaya a ruwan ƙarshe. Cikin ƙiftawar ido zai koma shuɗin nan mai zurfi irin na marinar Ƙofar Mata. Ranar da Goggo ta fara gani, hannu ta kai ta murza gefen takardar, wai ta ga ko zai zuba kamar baba.

11. Kanwa da shayi, ga mai so

Ba kowane raɗaɗi ne shuɗi ya dace da shi ba. In kana son ruwan ƙasa irin na tsohon hoton albam, bar bugun ya kwana ɗaya, ka jiƙa shi. Narka 'yar kanwa, kamar rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, ka tace. Tsoma hoton kana kallo. Shuɗin zai fara komawa shunayya, sannan ya kama kodewa. Cire shi tun kafin ya kai inda kake so, ka ɗauraye sosai. Daƙiƙu ne, ba mintuna ba, kuma kanwa ba ƙarfinta ɗaya ba, don haka fara da bugun da ya lalace.

Sannan ka jiƙa shi a baƙin shayi mai kauri da ya huce, ba sukari ba madara, daga minti 20 zuwa awa guda. Abin da ke sa shayi ɗaure baki shi ne yake kama ƙarfen da ke cikin takardar ya mayar da shi ruwan ƙasa. Bagaruwa ma tana yi, ita da majema ke jima da ita, a shagon masu attara, wato masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, ka ce a ba ka ƙarad. Ta fi shayi baƙi. Illar duka biyun ita ce suna rina farin takardar, don haka kada ka tafi salla ka bar shi a ciki.

12. Tacewa, jerawa, ajiya

Na ɗauki sama da ɗari biyu, na buga goma sha tara, na fitar da bakwai. Shimfiɗa su a ƙasa, ka koma ga jimlar da ka rubuta a mataki na 1. Duk wanda bai amsa ta ba ka cire shi, ko da shi ne ya fi kyau. Wanda na fi ji da shi, na roshan ɗin nan, bai shiga ba, don babu ruwansa da makulli. Fara da wanda ya fi bayyana, ka sa mafi narkewa a tsakiya. Suna gajere, ko kwanan wata kawai. Kada ka rubuta dogon bayani a ƙasa kana gaya wa mutane abin da za su ji. In kana Jidda, leƙa Hayy Jameel, cibiyar fasaha da aka buɗe a Disamba 2021, ka lura da yawan filin da ake bari tsakanin aiki da aiki a bango.

Wajen ajiya, abokin gabar shuɗin nan shi ne duk abu mai kanwa-kanwa. Sabulu, omo, da kwalin firem da aka zuba wa alli don kare hotuna, duk suna cin sa a hankali, don haka ka tambayi mai firem kwali marar alli. Kada ka rataye shi inda rana ke duka. In ya kode saboda haske, sa shi a durowa cikin duhu kwana biyu ko uku, yawancin launin zai dawo. In za ka ba alhazai su kai gida, sa farar takarda tsakanin kowane biyu, ka matse su tsakanin kwali biyu masu ƙwari, ka naɗe da leda, kuma ka roƙi mai ɗauka ya sa a jakar hannu, nesa da kwalaben turare da dabino.